Marin da Na Sha Saboda Ja da Kore

Jama'a, yau kwamfuta ta ja mini mari.

Ni masinja ne. Da hantsi Garba, mai buga kwamfutar ofishinmu, ya ba ni takardu in kai wa manaja gida, Ƙofar Marke. A shingen sojoji wani saje ya buɗe su. Kowane layi da wasu ƙugiyoyi da lambobi a gabansa.

Ya ce, "Wanga rubutun asiri ne. Su wa ke shirin juyin mulki?"

Na ce, "Yallaɓai, ko sunana ban iya karantawa."

Ya kwaɗa mini mari, ya tasa ni zuwa ofishinmu.

Garba ya ce, "Alamun launi ne, ranka ya daɗe. A allo suna sa rubutu ya yi ja ko kore, in an adana a fayil sai su fito tsirara. Mantawa na yi ban cire ba."

Ya buga layi guda a kwamfuta, alamun suka ɓace.

Saje ya ce, "Madalla, a gabana ka goge shaida." Ya sake ni, ya wuce da Garba bariki.

Yanzu manaja ya ce in kai takardar ban haƙuri bariki. Na ce in ba da biro aka rubuta ta ba, ba ni ɗauka.