Kusurwar Fruma

Fruma Lipkin ta fi kowa daɗewa a cikinmu, mu 'yan sa kai masu noma lambun bayan majami'armu ta Yahudawa a Toledo. Ita ke kula da kusurwar da addininmu ya ce kada a girbe, a bar wa mabukata.

Wata shekara tumatir ɗin kusurwar ya ruɓe, babu wanda ya taɓa shi. Hershel, shugaban lambun, ya ce a daina barinta.

"Ke Fruma, tsuntsaye kike yi wa sadaka!"

"Kai Hershel, da kai ne mabukacin, za ka tsinka alhali tagar ofishin majami'a tana kallonka?"

Ta roƙi a ba ta shekara guda. Ta shuka masara tsakanin kusurwar da tagar, ta cire katako biyu daga shingen lambun ta bakin lungu. Da masarar ta fi mutum tsayi, wata safiya muka tarar an tsinke tumatir tas.

Na tambaye ta yadda ta gane. Ta daɗe tana ɗaure wani reshe, sannan ta ce, "Shekarar da mijina ya rasu, na iso har bakin shingen nan don in tsinka, na ga tagar, na juya."

Bana Hershel ne ya kawo irin masarar.