Manhajata ta fito da Goshi daga cikin duhu

"Ƙara haske kaɗan, ɗana, ƙara!"

Kawu Buba ke nan yau da hantsi a shagona na Sabon Birni, ya kusa tura hancinsa cikin wayata. Karsanarsa Goshi ta ɓace tun makon jiya. Sai wani daga Burkusuma ya turo hoton wata da ta shigo garkensa, amma bayan magariba ya ɗauka, baƙi ƙirin, ƙaho kawai ake gani. Kuma kun san hanyar nan yanzu, ba a hawa babur a bi ta a kan wataƙila.

Ni kuwa ina da wata 'yar manhajar waya da nike haɗawa. Na rubuta mata umarni ta bi hoto ɗigo-ɗigo, ta ɗaga haske inda duhu ya yi yawa, ta rage shuɗin yamma, ta maido ja. Ban taɓa gwada ta a kan abin kirki ba sai yau.

Na danna. Jama'a, sai ga jar karsana ta fito sarai, da farin tabo a goshi!

Kawu ya miƙe tsaye ya rangaɗa mata kira irin na makiyaya, har da taɓa gilashin waya.

Na ce, "Kawu, hoto ne fa."

Ya ce, "Na sani. Za ni Burkusuma, ina dai sanar da ita ina tafe."

Wallahi har yanzu sai sake kallon hoton nan nike, ina murna. Ku fa, wace rana ce sana'arku ta fara yi muku daɗi haka?