Ƙullin Ƙasar Inna

A layinmu na unguwar Nuzla a Jidda kowace tsohuwa da waliyyin ƙasarta. Basudaniyar da ke sayar da turaren wuta, in ta yi tuntuɓe, shehin garinsu take kira. 'Yar Senegal ɗin da ke saman bene hoton nata shehin yana ƙasan akwati, an danne shi da zannuwa. Har wata 'yar Habasha Kirista mai aikatau ta taɓa raɗa mini cewa su ma ƙasarsu akwai mai tsaronta, yana bisa farin doki. Ba mai faɗa da ƙarfi, don garin nan ba a son zancen.

Mahaifiyata, Inna, ƙasa ce da ita. Jar ƙasa daga hubbaren waliyyin garinsu, can wajen Katsina, ƙulle a tsumma. Kakarmu ce ta ɗebo mata ranar da za ta taho aikin Hajji, kuma tun daga ranar ba ta sake ganin gida ba. Ba ta da iƙama, takardar izinin zama. In ta fita daga Saudiyya, ta rabu da mu ke nan. In ciwon ƙirjinta ya motsa, sai ta tsakuri kaɗan ta jiƙa a kofi ta sha. Ni ban taɓa cewa magani ba ne. Na dai san in ta sha tana samun barci.

Ƙanena a nan aka haife shi, Hausar ma da ƙyar yake haɗa ta. Da ya fara zuwa karatu wajen wasu samari a unguwar Khumra, inda yake dako, sai ya dawo yana mana kallon arna.

"Ya ummi, wannan shirka ce. Shi ke nan, a zubar."

"Allah nake roƙo, ɗan nan," in ji Inna. "Wannan kuwa ita ce gidana."

Wata la'asar ciwon ya tashi. Idanunta sun riga sun yi rauni, da lalube ta kwance ƙullin ta jiƙa. Kurɓa ɗaya ta yi ta tsaya.

"Gishiri," ta ce. "Wannan ƙasar Jidda ce."

Na fizgo tsumman. Farin yashi ne, irin na wajen gini. Ƙanena kuma yana tsaye a bakin ƙofa, ko kunya babu, yana cewa tuni ya juye waccan a makwararar banɗaki, ya zuba wannan don kada ranta ya ɓaci. Wai ya cece ta daga wuta.

Ba wa'azinsa ne ya fi ƙona mini rai ba. Mai yiwuwa ma malamansa suna da hujja. Satar ce. Ya jira ta fita barkar suna, ya yi amfani da makantarta, ya bar ta tana shafa yashin gini tana ambaton mahaifiyarta. A banɗaki kuma! Na zage shi da Hausa, na ga bai gane rabi ba, na koma Larabci.

Na miƙa hannu zan karɓe kofin, Inna ta riƙe shi gam, ta shanye har yashin da ya kwanta.

"Bar shi," ta ce mini. "Ai ƙasar nan ce za ta ci ni. Gara mu saba."