Ramar Baba Silvanus

A gyara zama, a kori kaji daga hanya, ga babban mutum nan tafe! Silvanus Kambai, sarkin masu juya layi na tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, giwa mai wandon kaki, wanda tumbinsa ke riga shi gaisawa da jama'a. Jirgin Jos da na Inugu ba su san inda za su dosa ba sai ya ja musu ƙarfe. In ya hau keke kuwa, sirdi sai ya yi addu'ar ban kwana.

An haife shi a wani ƙauye bayan Godogodo, ya yi noman citta har gemu ya fito masa, sannan wansa Meshak ya jawo shi aikin reluwe. Su biyun kamar an tsaga kara: wuya iri ɗaya, tumbi iri ɗaya, ranar Alhamis kuma in kasuwar aladu ta tashi, bencinsu ɗaya a gidan burkutu.

A daminar 1975 Meshak na tsaye a tasha yana dariya, sai dariyar ta karkace. Baki ya koma gefe, hannun dama ya saki tuta, ya zube. Silvanus ne ya yi jinyarsa. Shi ke juya shi, shi ke share masa yawu, yana kallon idon wansa na neman magana, harshe ya ƙi. Kafin a yanki acca aka binne shi.

Tun daga nan Silvanus ya zama mai sauraron jikinsa. Ƙeya ta ɗan yi nauyi, sai ya shafa baki ya ji ko yana nan daidai. Yakan tsaya gaban gilashin ofishin tasha ya yi murmushi shi kaɗai, don ya ga ko gefe biyun sun tashi tare. Da abin ya ishe shi ya tafi asibitin mishan. Wata sista ta ɗaure masa damtse da roba ta hura, ta duba, ta sake hurawa.

"Baba, jininka ya hau ƙwarai. Abin da ya kayar da wanka ke nan. Ka bar gishiri, ka bar kitse, ka bar burkutu. Keken ma ka jingine shi, ka riƙa takawa."

Ya kuwa bari. Matarsa Clara ta ce ita ba ta iya miyar da kare zai shinshina ya wuce ba. Sai Afiniki, matar marigayi, wadda ke zaune a gidan da 'ya'yanta, ta ce ita za ta yi, ai ta ga abin da ciwon ya yi wa mijinta. Ta ware 'yar tukunya tana dafa masa faten acca da gauta da yakuwa, lami salam. Yana ci yana ɓata fuska, yana gode mata. Ciwon kai ya tafi. Numfashi ya daina yi masa gardama a hawan gada. Har da ƙusa ya ƙara huda bel ɗinsa, yana jin daɗi.

To, amma a wajenmu magidanci ba ya ramewa haka kawai. Mai aikin gwamnati, mai keke, a gan shi yana tafiya a ƙasa, wuya kamar na zakaran da aka fige? Gaisuwa ta sauya. Masu ce masa "ina gajiya" suka koma "yaya jiki". 'Yan zumuntar mata suka zo yi masa addu'a ba wanda ya kira su. Luke kafinta ma in sun haɗu sai ya dube shi daga kai har ƙafa, kamar mai lissafin katako. In Silvanus ya ce asibiti ne suka hana shi, sai a gyaɗa kai, a saci kallon ɗakin Afiniki, ana raɗa:

"Ta cinye babba, ta juyo kan ƙarami. In ba haka ba, don me tukunyarsa daban?"

Aka hana yara wasa da 'ya'yanta. A bakin rijiya mata na janye bokitinsu in ta iso. Silvanus ya san ƙarshen irin wannan magana. Yana yaro aka yaye rufin ɗakin wata tsohuwa a ƙauyensu, aka raka ta da jifa har daji, ba a sake ganinta ba sai zanenta a bakin rafi.

Da shekara ta zagayo aka taru a ƙauye don fitar da makokin Meshak. An yanka alade, tulunan burkutu sun jeru. Afiniki na zaune a ƙasa ita kaɗai, autarta a cinya. Bayanta samari ne a tsaye, kowa da sanda, wai ta korar karnuka. Baba Tagwai, ƙanen uban Silvanus, ya turo masa akushi cike da nama, kitse na ƙyalli, gishiri da barkono a kai, ga ƙwarya tana kumfa.

"Silva, ɗana, an ce an rufe maka baki, ba ka cin na kowa sai na mutum ɗaya. Ga naman makokin wanka. Ci mu gani."

"Baba, sista ta ce jinina ya hau."

"Sista ta san kakanka? Yau kuma yawan jini ne ciwo? Mu dai wanda jininsa ya ƙare muka san yana mutuwa. Mun kuma san mai shanye shi."

Silvanus ya dubi akushi, bakin Meshak ya gani a karkace. Ya dubi Afiniki. Ta girgiza masa kai a hankali, wato kada ya ci. Wani saurayi ya sauya wa sandarsa hannu.

Ya ɗauki tsoka mafi kitse ya kai baki. Yana tauna yana jin zuciyarsa na daka a kunne. Ya cinye, ya kafa kai a ƙwarya har ta ƙare. Mata suka rangaɗa guɗa.

"Madalla," in ji Baba Tagwai. "Mu ga jikinka zuwa Kirsimeti."

Ashe ba cin rana ɗaya ba ne. Dangi sun sa wa tumbinsa ido, shi ne shaidar cewa Afiniki ba mayya ba ce. Ya hau kekensa, ya koma bencin Alhamis. Yanzu ya cika wandonsa dam, ana amsa gaisuwar Afiniki a rijiya, 'ya'yanta na wasa da na kowa. Ƙeyar ta dawo da nauyinta. In yana magana, hannunsa na yawan zuwa gefen baki.

Mai ba ku labarin nan, da yake ya taɓa aji biyu a sakandare, ya same shi a bakin layi ya zuba masa lacca: mutanenmu ba su da naci, su fara abu da zafi su watsar, mutum ya ga kabari a buɗe ya koma wa kitse.

"Baba Silva, kai ba ka tsoron mutuwa ne?"

"Ina tsoro. Matsa daga kan layi, jirgin kaya na zuwa."