Hatimin da Ilu Duba-Sama Ya Ƙi Ba Ni

Duk wanda ya taɓa gaida Ilu a Birnin Kudu ya san ba ya amsawa sai ya ɗaga kai. Ka ce masa, “Ina kwana, Malam Ilu?” sai ya dafe hularsa da hannu ɗaya, ya kanne ido, ya ƙare wa sama kallo daga gabas zuwa yamma, sannan ya ce, “Lafiya. Yau ta gwangwani biyu ce.” Iyali, gajiya, ya aiki, duk ba sa cikin gaisuwarsa. Nan ya samo sunan Duba-Sama, kuma sunan ya bi shi har ranar jana’izarsa, don da liman ya ce Malam Iliyasu sai da wasu suka waiga suna tambayar ko wani ne kuma ya rasu.

Ni ne Ado direba, taubashinsa. Ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da lasisin faɗin abin da na ga dama a kansa, yana raye ko yana kwance. Yau zan mori lasisina.

Bari in warware zancen gwangwani saboda waɗanda suka taso daga baya. Ilu ya daɗe a wata maɗaba’a a Kano. In shi ka tambaya, injiniya ne. In ni ka tambaya, shara yake yi. Ya dawo gida lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa, kowane mai babbar riga ya zama ɗan kwangila, kowane ɗan kwangila kuma yana son hatimi mai sunansa. Abin da ya dawo da shi wata roba ce falle-falle mai ruwan zuma, ragowar gefe da maɗaba’a ke zubarwa. Robar nan tana da wani hali: inda hasken rana ya taɓa sai ya ƙanƙare, inda bai taɓa ba ruwa ya narkar da shi. Sai Ilu ya shafe gilashi da tawadar allo mai kauri, ta gawayi da ƙaro. In ta bushe ya kankare sunan mutum a jiki da basilla, ya kife gilashin a kan robar, ya shanya. Hasken da ya ratsa ta rubutun shi ke dafa robar. Agogo kuwa, Ilu ne zai sayi agogo? Gwangwanin madara ya huda a gindi yake cika shi da ruwa, in ya tsiyaye, gwangwani ɗaya ke nan. Daga nan sai wanki da tsohon buroshin haƙori, haruffa su fito tsaye, ya manna a katako. A kan wannan ’yar sana’ar ya yi shekara da shekaru yana yi wa garin nan kallon jahilai.

Ni kam bai yi mini ƙarya ba, jahilin ne. Tun ina yaro na gudu daga makarantar allo na bi mota. Na zo na mallaki gingimari tawa, na san kowane rami daga Kano zuwa Gwaram, amma in aka miƙo takarda sai dangwale. Babban yatsana kullum shuɗi kamar na marini. Abin bai taɓa damuna ba sai da Binta, ’yata ta fari, ta ci jarrabawar makarantar kwana ta ’yan mata, takarda ta zo cewa uba zai je ya sa hannu a gaban shugabar makaranta. A ranar uwarta ta gaya mini abin da aka daɗe ana ɓoye mini: a firamare, in Binta ta mayar da takardar sakamako da dangwalena a jiki, sai yara su ce babanta ya sake take mata takarda. Saura wata biyu a buɗe makaranta, na rantse ba zan dangwala yatsa a gaban ’yata ba.

Na je wurin Ilu na ce, “Ka yi mini hatimin sa hannu irin na alhazai. Ka rubuta Ado da ’yar lanƙwasa, in buga a gaban matar nan in fito.”

Ya duba sama, ya ce, “Ba na yi.”

“Ni fa nake ɗauko maka robar nan daga Kano, naɗe cikin baƙin ƙyalle a ƙarƙashin kujerata kamar kayan sata.”

“Shi ya sa ban kore ka ba. Ɗan mace, rana abin da aka nuna mata shi take bugawa. In na rubuta, hannuna ne. Sa hannun Ilu za ka kai makarantar ’yarka? Ga gilashi, ga basilla. Haruffa uku ne kacal. Ka kankare da kanka in dafa maka kyauta.”

Ranar na fara jin kalmar kyauta a bakin Ilu, mutumin da ke tsaga ashana biyu. Amma ban tsaya murna ba. Na zage shi iya abin da taubasantaka ta halatta, na ƙara da ɗan abin da ba ta halatta ba, na tafi.

Don ku san irin kan da nake fama da shi, a makon nan ne ruwa ya ɗauke, gero ya fara lanƙwashewa, aka fita roƙon ruwa. Liman yana addu’a, jama’a na amsawa, sai aka ji muryar Ilu a sahu na biyu: “Amin, bayan la’asar.”

Wani dattijo manomi daga Yalwan Damai da ke gefensa ya juyo ya ce, “Malam, gero yana mutuwa, kai kana yanka wa ruwa lokaci?”

Ilu ya ce, “Baba, ni ban hana ba. Tsari kawai na kawo. Safiya tawa, yamma taku.”

To, an karɓi addu’ar jama’a, ba a karɓi gyaran Ilu ba. Ruwa ya sauko, gajimare ya rufe garin kwana huɗu cur. Ni kuma kullum in na ajiye mota sai in biya ta zaurensa ko ya sauko daga dokin taurin kai. A nan na tarar da Alhaji Sambo ɗan kwangila, wanda ya gina wani kwalbati a hanyar Sundimina, yana son hatimi ya buga a takardar kammala aiki. Alhaji ya yi sintiri har takalminsa ya san hanya. Rana ta uku ya ce, “Malam Ilu, an ce akwai fitilar lantarki ta musamman da ke wannan aikin. In saya maka a Kano mana.”

Ilu ya ce, “Alhaji, wace lantarkin? Wadda ke leƙowa ta gaishe mu ta koma? In bar rana da Allah ya ba ni kyauta in koma jiran ta cikin kwali?”

“To yaushe zan samu hatimina?”

“Kai ne ka san manya. Ka sa a ɗauke gajimaren nan, gobe ka karɓa.”

Kafin rana ta fito, ruwa ya tafi da kwalbatin ɗungurungum. Da Alhaji ya zo fuska a murtuke, Ilu ya ce masa, “Ka gode mini. Da na yi gaggawa, da yanzu sunanka yana kan takarda cewa ka gama.” Alhaji bai sake bi ta layin ba.

Da rana ta dawo, sai Ilu ya lura darbejiyar maƙwabcinsa ta yi ganye ta rufe inda yake shanya. Maƙwabcin da kansa ya ce zai sa a rage rassa. Ilu ya ce a’a, inuwar ma kyauta ce, ba zai yar da kyauta ɗaya don ya tsinci wata ba. Sai ya ari tsani, mutum mai furfura, ya mayar da aikinsa kan soron zaure. Kwana uku yana hawa da gilashi a hammata da gwangwani a baki. Rana ta huɗu tsanin ya gaji da shi.

Matarsa Delu ta fito da gudu ta same shi a ƙasa. Abin da ya fara cewa shi ne, “Gilashin fa?”

Delu ta ce, “Malam, ƙafarka ta juya baya, kana tambayar gilashi?”

Ya ce, “Ƙafa tana ɗoruwa, Delu. Kin taɓa ganin mai ɗorin gilashi?”

Gilashin ko tsaga bai yi ba, don a kan cikinsa ya faɗo. Aka ɗora ƙafa, aka kwantar da shi a zaure. Ni kuma zumunci ya tilasta mini zuwa dubiya, kuma in faɗi gaskiya, na ɗauka ciwo zai tausasa shi. Saura kwana ashirin a buɗe makaranta. Na zauna na yi masa sannu da murya mai daɗi, na kawo zancen hatimi. Sai ya miƙo mini tsinke, ya nuna ƙasa.

Na ce, “Ba gilashi ka ce ba?”

Ya ce, “Tawada ba ta masu koyo ba ce. Ƙasa ba ta ƙarewa.”

Haka na zauna, ƙaton mutum mai mata da ’ya’ya da gingimari, ina zane a ƙasar zaure, ina share shi da tafin hannu in na ji takun mutum. Ilu yana kwance yana sharhi. Harafin farko ya ce bukkar da iska ta buga ce. Na biyu ya ce ƙwarya ce da aka taka. Na uku da ya kamata ya fi sauƙi, zagaye kawai, ya ce tun da nake tuƙi ban taɓa kallon taya ba? Sau biyu na jefar da tsinken na fita. Sau biyun kuma ina isa gida na ga akwatin ƙarfen da aka saya wa Binta a tsakar ɗaki, na juyo.

Ana saura kwana biyu ya ce wa Delu ta kawo gilashi. Na riƙe basilla, gumi yana ɗiga daga haɓata, na kankare sunana. Shi ba ya iya hawa, saboda haka ni na hau soron da gilashi da gwangwani, yana daga ƙasa yana leƙen sama ta ƙofar zaure yana ba da oda: “Biyu da rabi. Kada inuwar ƙaton kanka ta faɗa a kai.” Na tsuguna ina kallon ruwa yana ɗiga, rana tana dafa ni tare da robar. Na sauko, ya wanke da buroshinsa, sai ga Ado ya fito tsaye, karkatacce amma Ado. Ya manna a katako, ya buga a takarda, ya daɗe yana kallo. Sannan ya jefa hatimin a aljihu.

Na ce, “Ba ni.”

Ya ce, “Ka yi me da shi? Mutumin da ya rubuta a gilashi da basilla, biro ne zai gagare shi? Hatimin sa hannu na malalata ne. Tashi ka tafi, kana tare mini haske.”

Da ba don ƙafar ba, da na karya masa ɗayar. Wata biyu yana jan raina da alkawarin hatimi, ya sa na hau soro, a ƙarshe ya aika ni hannu rabbana. Ko a mota da muka kama hanyar makarantar ban daina tsine wa taubasantaka ba, a zuciya dai, saboda Binta tana gefe.

Shugabar makaranta ta turo takarda, ta turo biro, ta kuma turo ’yar tawadar dangwale kusa da ni, don ta ga kalar yatsana. Na ture tawadar gefe. Na ɗauki biro na rubuta haruffan nan uku, na ɗauki lokacin da ya kai gwangwani guda. Binta tana tsaye tana kallo. Sai da muka kai kayanta ɗakin kwana ta buɗe akwatin, ta miƙo mini bironta, ta ce, “Baba, rubuta mini sunanka a cikin murfin.” Na rubuta. Na fito na zauna a mota na daɗe ban tayar ba, don ba na ganin hanya sosai.

Ban taɓa gode wa Ilu ba. Taubashi ba ya godiya, kuma da na yi, da ya ce in biya da roba. Shi ma bai sake tayar da zancen ba har ya koma ga Allah.

Bayan sadakar bakwai Delu ta kira ni ta miƙo mini gwangwanin nan mai huda. A ciki ga hatimina, katakon ya yi baƙi don riƙo, haruffan sun fara cinyewa. Na ce, “Yaya Delu, wannan ai an sha aiki da shi. Me yake bugawa da sunana?”

Ta ce, “Duk wanda ya zo neman hatimin sa hannu ya ce shi ya tsufa da koyo, sai Malam ya buga masa wannan a takarda ya ce, ‘Duba nan. Jakin taubashina ne ya rubuta da hannunsa. Ka fi shi jakanci ne?’ Sannan ya miƙa masa tsinke.”

Ashe shekaru sunana yana yawo daga Sundimina har kasuwar Sara a matsayin jakin da ya iya. Na yi dariya har na share ido, Delu ma haka. Ta ce in ba a kusa da shi ba, ba ya barin kowa ya taɓa hatimin nan, kuma ko lokacin da ciwon ajali ya yi tsanani a ƙarƙashin matashinsa yake.

Ilu, ka cuce ni cuta mai kyau, kuma ka tafi ban rama ba. Yanzu in na fito da safe kaina da kansa yake ɗagawa, in ƙiyasta ta gwangwani nawa ce, sai in rasa wanda zan gaya wa. Allah ya jiƙanka, ɗan kawuna. Allah ya yafe maka taurin kai, ya saka maka da kowane harafi da wani ya rubuta ta dalilinka, ya cika kabarinka da haske wanda gajimare ba ya rufewa. Amin.