Gunleik, Mai Kafa Rassa a Hanyar Grasbu

Da hantsin ranar Talata, 11 ga watan Maris na 2025, ina tsakiyar koyar da lissafi wayata ta yi ƙara. Ban saba ɗaga waya a gaban ɗalibai ba, amma da na ga sunan Aslaug sai na fita baranda. Ta ce, "Turid, Baba ya tafi." Mahaifinta, Gunleik Midtbø, ya rasu a gadon asibiti yana da shekara tamanin da ɗaya, bayan kwana shida yana fama da ciwon huhu. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa. Ranar Laraba ta makon da ya biyo muka kai shi makwancinsa a bayan cocin Rauland, dusar ƙanƙara tana zuba a hankali a kan kafaɗunmu.

Gunleik, da kai zan yi magana, don akwai abin da ban faɗa maka ba kana da rai. Bayan jana'iza, a wajen shan kofi, sau uku na ji ana cewa taurin kai ne ya kashe ka. Wai me zai kai tsoho mai ciwon kwankwaso kan dutse shi kaɗai a ranar da iska ke kaɗa mutum? Suna faɗa suna girgiza kai cikin ƙauna, ba da mugunta ba. Ni kuwa ina riƙe da kofina, na san abin da ya kai ka, ban ce uffan ba. Wannan shirun ya hana ni sakat. Amma kafin in zo kansa, bari in faɗa wa waɗanda ba su san ka ba ko wane ne kai.

A shekarar 1994 na zo garin nan na Rauland daga Kragerø da ke bakin teku, sabuwar amarya, sabuwar malama, da girman kai irin na wanda ya yi karatu. Kafin in taho na sayi katakan ski a kanti, irin waɗanda ake ɗaurawa a ƙafa a yi zamiya a kan dusar ƙanƙara, sirara, jajaye, masu ƙyalli. Ranar farko da na fita da su bayan gidajen, inda ba a gyara hanya ba, na nutse cikin dusar ƙanƙara har ƙugu. Kana tsaye a bakin rumfar aikinka kana kallona, ba ka zo ka taimake ni ba sai da na gama zage-zagena. Sannan ka ɗaga katako ɗaya, ka juya shi, ka ce, "'Yar bakin teku, wannan ai muciya ce. Kai wa matata Targjerd ta tuƙa fate da ita."

Na ji haushi ƙwarai. Amma ka shigar da ni rumfar, kuma duk wanda ya taɓa shiga ya san warin kwaltar itace da ke tarbar mutum tun daga ƙofa. Katakai jere a bango sun fi ƙafa sittin, takalman fata rataye da igiyoyinsu, sanduna cike da ganga. Ka ce in ɗaga hannu sama, ka kalle ni sau ɗaya, ka zaro wasu faffaɗan katakai da suka sha hannu, ka ce na ƙanwarka ce marigayiya. Ka ɗaura mini takalmi ta yatsu kawai, diddige a sake yadda iyayenka suka yi. A gangaren bayan gidanka ka koya mini yadda ake juyawa. "Durƙusa da gwiwa ɗaya, kamar za ki ɗaure igiyar takalmi. A'a, ba zama na ce ki yi ba!" Na faɗi ya fi sau ashirin ranar. Da na gaji, matarka Targjerd ta fito da lefse, wata irin gurasa marar kauri, mai zafi da man shanu, ta ce maka, "Ka bar yarinyar mutane ta huta, kai ma shekara nawa ka yi kana cin ƙasa?"

Rumfar nan ba ta taɓa samun kwaɗo ba. Wanda ya karya katako, wanda maɗaurinsa ya tsinke ana gobe tafiya, baƙon da ya zo da takalmin da bai dace ba, duk can suke nufa. Ba ka tambayar sunan mutum kafin ka ba shi aro. Abin da kake tambaya shi ne ina zai je, da wa, kuma ya iya juyowa in hanya ta ƙi. Da amsar nan kake zaɓa masa katako, da ita kuma kake zaɓa masa wuri. Mai ƙananan yara ka tura shi kwarin da iska ba ta shiga. Mai neman gangara mai laushi ka ce ya jira kwana biyu, ya bi bayan dutsen da rana ba ta duka. Akwai wani ɗan Oslo da ya zo da kaya masu tsada yana ta ba ka labarin duwatsun da ya hau a ƙasashen waje. Ka saurare shi har ƙarshe, sannan ka tura shi filin kiwon tumakin bayan coci, ka ce in ya sauko sau uku bai faɗi ba ya dawo. Da yamma ya dawo da dusar ƙanƙara har cikin kunne, yana dariya. Shekara goma sha biyar ya yi yana zuwa gaishe ka, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatinka.

Amma babban aikinka shi ne hanyar Grasbu. Kilomita goma sha huɗu daga ƙarshen gari zuwa Grasbu, bukkar kan dutse, fili fetal babu itace, inda in hazo ya sauko ba ka bambanta sama da ƙasa. Kowace shekara kafin bikin Ista kake sare rassan itacen bjørk, ka ɗaure su dami-dami, ka ja su a bayanka, kana kafa su ɗaya bayan ɗaya cikin dusar ƙanƙara. Ka ce mutum yana tsaye a gindin reshe ɗaya dole ya hango na gaba, ko da idonsa na hawaye. Shekara hamsin da biyu kana yin haka. Mutane nawa ne suka iso gida da rai saboda waɗannan busassun rassa? Babu wanda ya ƙirga, kai ma ba ka damu da a ƙirga ba.

To, ga abin da ya faru.

Shekara uku ke nan da aka ba ni shugabancin kwamitin hanyoyin gari. Bana muka yanke cewa ka huta, muka raba hanyar a tsakaninmu, ni na ɗauki yankin tafkin Langetjønn. Kowa ya san a nan hanyarka takan kauce: maimakon ta ratsa kan tafkin ta inda ya tsuke, sai ta zagaya ta gangaren gabas, ƙarin kilomita biyu da hawa. Masu jan yara a abin ja suna ƙorafi duk shekara. Ni ma na daɗe ina ganin ɓata ƙarfi ne. Na je na huda ƙanƙarar wuyan tafkin wuri uku, na auna, na samu kauri fiye da kamu biyu. Mota ma za ta iya bi.

Ranar Juma'a, 28 ga Fabrairu, na same ka a rumfa kana ƙona kwalta a cikin wani katako. Na shimfiɗa maka taswira da awon da na yi. Ko kallonsu ba ka yi ba.

Ka ce, "Ba a bi ta nan."

Na ce, "Saboda me?"

"Babana bai taɓa bi ba."

Na ce, "Haba Gunleik, babanka ma ai bai taɓa shiga jirgin sama ba. Ba ni dalili, ba tarihi ba."

Ka ci gaba da goga kwaltar da tsumma. Can ka ce, "Ƙanƙarar wurin ƙarya take yi, 'yar bakin teku. Yau gaskiya, nan da mako uku ƙarya." Na yi dariya. Allah ya sani na yi dariya, na naɗe taswirata, na ce maka zamanin canfi ya wuce. Wannan ce maganar ƙarshe da ta shiga tsakaninmu.

Washegari Asabar na je ni kaɗai na kafa rassa tamanin da huɗu, a miƙe sambal ta kan tafkin. Na tsaya na waiwaya ina jin daɗin kyawun layin. Ban faɗa wa sauran 'yan kwamiti ba, ina so su gani da idonsu su yaba.

Ranar Litinin ka ce wa maƙwabta za ka je duba rassan da iska ta kayar. Ka fita da sassafe, ba ka dawo ba sai da rana ta kusa faɗuwa, jiƙe da gumi, gumin ya daskare a jikinka. Ranar Laraba aka kai ka asibiti. Da na ji inda ka je, na san ba iska ka bi ba. Sau biyu na tuƙa mota har ƙofar asibitin. Na farko na juya don kunya. Na biyu aka ce ba ka gane mutane.

Lahadin da ta biyo bayan jana'iza na ɗaura katakan ƙanwarka na hau. A bakin Langetjønn na tarar da rassa sun kauce gabas, sun hau gangare, kowanne yana hango ɗan'uwansa, yadda suka saba tun kafin in zo garin nan. Sawun mutane ya yi musu hanya mai santsi, domin a ƙarshen makon nan kaɗai iyalai fiye da goma sun wuce zuwa Grasbu, wasu da jarirai a abin ja. Na hau gangaren, na leƙa ƙasa. A tsakiyar wuyan tafkin, daidai inda layina ya bi, akwai wani baƙin tabo mai faɗin tsakar gida. Ruwa ne. Ashe akwai idon ruwa a ƙarƙashi da ke cin ƙanƙarar ta ciki da zarar rana ta fara ƙarfi, saman kuwa ya zauna fari tas har ranar da zai rufta. Ba ka san sunan abin a littafi ba, shi ya sa ba ka iya ba ni dalilin da nake nema ba. Na zauna a kan dusar ƙanƙara na yi kukan da ban yi a coci ba.

Daga can gidanka na wuce, ban ko cire takalmi ba. Targjerd tana zaune a kicin, kujerarka na nan inda ka bar ta. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa mata komai, tun daga taswira har dariyar. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Na sani, Turid. Zauna, kina zubar mini da ruwa a ƙasa."

Na zauna. Ta ce ranar da ka dawo, tana cire maka safa kana karkarwa, ka faɗa mata, ka kuma ce kada ta bari kowa ya ji, don garin nan ƙarami ne kuma ina da sauran shekarun koyarwa a cikinsa. Ta ce har dariya ka yi. Wai ka ce, "Yarinyar nan ta iya kafa reshe, wallahi. Kowanne sai da na durƙusa na sa hannu biyu kafin ya fito. Da na ragwaye ne, da azahar na dawo."

Ban san lokacin da na kama hannunta ba. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Shi ya yafe tun a kan dutse. Ni kuwa shekara hamsin da bakwai muna tare. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban kai can ba tukuna. Ki riƙa zuwa dai." Ta tashi ta zuba mini kofi.

Ka ce kada a faɗa, Gunleik, ga shi na saɓa maka a karo na biyu. Na nemi izinin Targjerd kafin in rubuta, ta ce in yi abin da zan iya kwana da shi. Mutanen Rauland, ba taurin kai ne ya fitar da shi ranar nan ba. Taurin kan nawa ne. Shi gyara ya je yi, ya tuge rassa tamanin da huɗu da hannunsa, ya ɗauke su ya hau gangare da ciwon kwankwaso, don 'ya'yanku su je Grasbu su dawo. Duk wanda zai ambaci mutuwarsa, ya ambace ta haka.

Ubangiji ya jiƙanka, Gunleik, ya yi maka rahama, ya sa ka huta hutun da muka so tilasta maka ka ƙi. Ya karɓe ka da irin sauƙin da kake karɓar baƙo a rumfarka, ba tambayar suna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Aslaug da ɗan'uwanta Torjus, da jikokinka biyar, da duk wanda har yanzu katakonka na jingine a bangon gidansa. Allah ya ba ku haƙuri da dangana.

Ke kuma Targjerd, ba ni da bakin yi miki ta'aziyya, amma Allah ya sanyaya miki zuciya, ya tsaya miki a gidan da ya yi miki faɗi. Zan zo ranar Alhamis bayan an tashi makaranta. In ba ki son magana, zan shigo da itacen wuta in tafi.