Hotunan Ƙeyar Malam Tsaya-Tukuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina shanya a tsakar gida, direban bas da muke yawon ɗaukar hoto tare ya kira ni ya ce Allah Ya yi maka rasuwa, Malam, bayan jinyar kwana uku. Na kife bokiti na zauna a kai, na yi kuka son raina.

Da muka je gaisuwa, mai ɗakinka ta riƙe hannuna ta roƙe ni abu guda. Ta ce hotonka ɗaya tak ke gidan, na katin shaida, ka ɗaure fuska kamar wanda aka kama da laifi. "Ku da kuke bin sa da kyamarori, ku nemo mini wanda yake dariya." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, gobe-goben nan za ta gan shi. Kai, bakina!

Ai ina da dalilin cika baki. Shekara tara kana jagorantar mu duk safiyar Asabar, mu kusan ashirin, kowa da kyamararsa ko wayarsa. Mu tashi daga tsohuwar tashar jirgin ƙasa, mu ratsa layin maƙera, mu bi ta ƙarƙashin gada, mu gangara bakin kogi, mu ƙare a kan dutsen da ake hango garin gaba ɗaya. Ni na shigo cikinku bayan na ajiye aikin jinya, 'yata ta saya mini kyamara don in daina zaman ɗaki. Ranar farko ko minti goma ba a yi ba na ɗauki hoto hamsin. Ka leƙo ka ce, "Sista, tsaya tukuna. Allura ma ai sai kin nemi jijiya." Ashe haka kake ce wa kowa, har ya zame maka suna.

Ka taɓa tsugunar da mu minti arba'in a cikin ciyawa muna jiran zalɓe ya buɗe fukafukai. Yana shirin buɗewa atishawa ta kubce mini, tsuntsu ya yi gaba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kai kuwa dariya ka yi har hularka ta faɗi, ka ce aƙalla yau kowa ya ga zalɓe da idonsa. Ka koya mana kada mu ɗaga kyamara a kan mutum sai mun gaishe shi mun nemi izini, in ya ƙi mu yi godiya mu wuce. Wanda ya yarda kuwa, kai da kanka kake wanke hotonsa ka kai masa a tsakiyar mako. Garin da na yi shekara sittin a cikinsa, a bayanka na fara ganin sa.

To, a bayanka ɗin nan matsalar take. Muka taru a shagonka na hoto muka zazzage duk abin da muka ɗauka, hotuna dubbai. Ga ƙeyarka a layin maƙera. Ga ƙeyarka a bakin kogi. Ga hularka da yatsanka yana nuna wani abu a sama. Kullum kana gaba muna biye, in ka nuna mu juya can. Babu ko ɗaya da ya kama fuskarka. Muka yi dariya har da hawaye, daga baya kunya ta rufe mu. Kwana huɗu na kasa bi ta layin gidanku.

Ranar Asabar muka fita yawon ba tare da kai ba. A ƙarƙashin gada mai facin taya ya tambaye mu ina Malam. Muka faɗa masa. Ya zauna ya yi maka addu'a. Da direba ya ba shi labarin abin da muke nema, sai ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ga hotonka manne a murfin, kana ƙyaƙyata dariya. Ya ce ai duk ranar da ka kawo wa mutum hotonsa sai ka miƙa masa kyamara ka ce, "Na ɗauke ka, kai ma ɗauke ni, a yi adalci." Mako na zagayowa ka kawo masa abin da ya ɗauka.

Muka koma baya muna tambaya. Maƙeri yana da nasa, masunci ma haka, mai sayar da dashen itatuwa nata a cikin jaka yake. Hoto goma sha ɗaya muka tara. Duk a karkace, wani an yanke maka rabin hula, wani yatsan mai ɗauka ya rufe gefe. Da mu ne muka ɗauka da mun sha tsiya a wurinka. Amma a cikin kowanne dariya kake yi.

Mai ɗakinka ta baje su a kan tabarma ta zaɓi na mai faci. Direba ya ce bari a goge baƙin man da ya ɓata gefensa a sa a gilashi. Ta janye hannunta ta ce, "A bar shi. Hannun wanda ya so shi ne." Mai faci da ya ce aro ya bayar, da ya ji haka ya ce ya bar mata duniya da lahira.

Ya Allah, Ka jiƙan bawan nan naKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa da 'ya'yansa da jikokinsa, da mutanen ƙarƙashin gada da na bakin kogi, waɗanda suka fi mu sanin fuskarsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu zuwan.